Wa ya ga ungulu a garinsu bana?

Ɗan Kwata: Salamu alaikum, jama'a. Da muna yara a Gusau, in ana fiɗa a kwata sai an tsayar da yaro da sanda yana korar ungulaye, don har tumbi suke fizga a gaban mahauci. Yau 'ya'yana a karin magana kawai suke jin sunanta. Haka abin yake a wajenku?

Baban Gona: Wa alaikumus salam. Mu a ƙauyenmu kusa da Dutse, a ƙololuwar rimaye suke sheƙa, masu injin katako suka bi rimayen ɗai-ɗai. Sannan kura ta addabi wani makiyayi, ya barbaɗa maganin ƙwari a mushen saniya. Kurar ko leƙowa ba ta yi ba. Da gari ya waye ungulaye muka tarar zube kewaye da mushen, wasu da nama a baki.

Hajiyar Maraɗi: Ku dai ku faɗi gaskiya, farautarta ake yi. Da idona na ga busassun kawunanta a shimfiɗar mai maganin gargajiya ranar kasuwa.

Malamar Kimiyya: Hajiya, nan gizo ke saƙar. Yawan dabba a wuri haihuwa da shigowa ne ke ƙara shi, mutuwa da ƙaura su rage shi. To ungulu ƙwai ɗaya tak take yi a shekara, ɗan kuma sai ya shekara da shekaru kafin ya fara nasa. Tsuntsun jan baki mai cin hatsi in an yi masa feshi, damina ɗaya ya cike giɓin; ita kuwa mushe guda mai guba ya isa ya share ta daga gari. A 2020 sama da 2,000 aka kashe da guba a Gini Bisau, alhali tun 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa irin tamu ta cikin gari a sahun masu dab da ƙarewa. A Indiya maganin shanu ne, diclofenac, ya kusa gamawa da su kafin a hana bai wa dabbobi shi a 2006. Mushen da suka bari karnuka suka gada, suka yi ta hayayyafa, cizon mahaukacin kare ya ƙaru.

Ɗan Zango: Mu a Kumasi akwai saura, amma tsiraru. Mayankar da nake zuwa, tunda aka yi mata rufi aka daina watsar da kayan ciki a fili, sai suka koma juji. Ba duka ne suka mutu ba, Malama, wasu abinci suka bi.

Baban Gona: Karnukan nan kam mun shaida. Mushen jaki yanzu sai ya yi mako a bayan gari yana ɗoyi, su ne a kansa dare da rana, yara ma mun hana su bin hanyar.