Neman kalma: "han" da "daimiyo" a tarihin Aizu ta Japan

Mai Fassara: Assalamu alaikum. Ran Alhamis za a ɗauki shirin rediyo na minti goma sha biyar kan tarihin Aizu, ƙasar da yanzu take yammacin jihar Fukushima. Kalmar "han" ta fito sau talatin da wani abu a rubutun, "daimiyo" kusan haka. Na sa "masarauta" da "sarki", amma da na zo wurin da aka ɗauke wani sarki da mutanensa kaf aka kai su wata ƙasa, sai jimlar ta ƙi zama. Ku taimaka kafin Laraba da dare.

Malamin Tarihi: Wa alaikumus salam. Ba jimlarki ce ta ƙi ba, Malama, Aizu ce ta ƙi kalmar. A 1590 Hideyoshi, mai ikon Japan a lokacin, ya ba Gamo Ujisato ƙasar, shi ya sauya wa garin Kurokawa suna zuwa Wakamatsu. A 1598 aka kawo Uesugi Kagekatsu daga Echigo. Ya goyi bayan waɗanda suka sha kashi a yaƙin Sekigahara na 1600, sai a 1601 aka tura shi Yonezawa, aka rage masa daga koku (ma'aunin shinkafa) 1,200,000 zuwa 300,000, gidan Gamo ya dawo. A 1627 na Gamo ya mutu babu magaji, aka kawo Kato Yoshiaki daga Matsuyama, can tsibirin Shikoku. Ɗansa ya rasa ƙasar a 1643 bayan rigima da babban bafadensa, aka ba Hoshina Masayuki, ɗan'uban shogun Iemitsu, wato shugaban mulkin soja na Japan. Sauyi biyar cikin shekara 53. Kuma duk wanda aka ɗauke, da dakarunsa da iyalansu yake tashi, manoma kuwa a bar su. Mai sauraro in ya ji "masarauta", gidan da ya yi saiwa a wuri zai hango.

Ɗan Ƙofar Mata: Allah gafarta Malam, sauyin gida ba ya hana masarauta zama masarauta. Kano ta ga Kutumbawa, ta ga Sulaimanu, ta ga gidan Dabo daga 1819, sunanta bai canza ba. Kuma naɗawa da tuɓewa daga sama mun san su tun zamanin Sakkwato.

Malamin Tarihi: Naɗawa da tuɓewa, na yarda. Amma wane Sarkin Musulmi ne ya ce wa Sarkin Kano tattara fadawanka ka koma Katsina, na Katsina ya koma Bauchi? Nan aka rabu. Ga Satsuma, inda gidan Shimazu ya yi kusan shekara 700 a kudancin tsibirin Kiyushu, "masarauta" ta zauna daram. Aizu ce matsalar.

Hajiya Edita: Gunduma fa? Daimiyo ya zama hakimi, shogun ya zama mai naɗa su.

Ɗan Damagaram: Hajiya, gunduma ta yi masa kaɗan. Daimiyo yana da dakarunsa, da shari'arsa har ta kisa, yana karɓar harajinsa, wasu ma sun buga kuɗin takarda nasu. Hakimi bai kai nan ba. Mu nan da kanto za mu ce, sai dai Japan tana da yankinta mai suna Kanto inda Tokyo take, a rediyo sai a rikice.

Baba Alƙalami: Duk kun bi hanya mai nisa. Kalmar ita ce ƘASAR RIƘO. Shogun ya ba ka, ka riƙe, ya ga dama ya karɓe. Daimiyo kuwa MARIƘI. Jam'i: ƙasashen riƙo, mariƙa. Tsantsar Hausa, babu aro ko ɗigo. A rubuta a wuce.

Ɗan Ƙofar Mata: Baba, mariƙi ai na tukunya ne, ko mai rainon maraya. Kuma "riƙo" a kunnen ɗan Najeriya riƙon ƙwarya ne, kantoma na wata shida. Zuriyar Hoshina sun yi shekara 225 a Aizu, sarki tara. Wane riƙon ƙwarya ne wannan?

Baba Alƙalami: Yaro, ƙwarya kai ka sako ta, ban ce ba. Da haka aka yi wa "jirgin ƙasa" dariya, yau wa yake dariya? Abin da ke damunku, duk kalmar da ba ta bi ta Turanci ko Larabci ba, kun raina ta.

Ustazu: Tunda an taɓo Larabci, akwai "iƙɗa'i", ƙasar da sarki kan yanka wa jarumi ya ci harajinta. Malaman fiƙihu sun san ta.

Baba Alƙalami: Ka faɗe ta sau uku da sauri a gaban makirfo mu gani.

Hajiya Edita: A bar ta "han" kawai mana. Mun bar shogun, mun bar samurai, babu wanda ya mutu.

Ɗan Damagaram: To jam'inta? Kusan 270 ne a ƙarshen zamanin Edo, lokacin da shogun ke mulki daga Edo, wato Tokyo ta yau. Hanoni? Tsarin kuma a ce masa hanci?

Ɗan Ƙofar Mata: "An soke hanci a 1871." Allah ya jiƙan shirin.

Baba Alƙalami: Kun gani! Aro riga ce da ba ta rufe katara. Bajapane bai ari kalmarmu ba, don me za mu durƙusa wa tasa?

Malamin Tarihi: Baba, ai ita kanta "han" harafin Sin ce, kuma ba ta zama sunan hukuma ba sai 1868, shekara uku kafin a soke tsarin. A zamanin Edo sun fi kiran abin da sunan gida, a ce mutanen gidan wane, ko ƙasar wane. Wannan ma ya ba mu mafita, Malama. Raba kalmar gida biyu. In ana maganar wuri, "ƙasar Aizu". In ana maganar waɗanda aka ɗauke ko aka kawo, "gidan Gamo", "gidan Uesugi", domin "gida" a Hausa ya haɗa uban gida da barorinsa. "An ɗauke gidan Uesugi daga ƙasar Aizu" ta zauna ba gyara. Haka ƙarshen labarin: bayan an kewaye ganuwar Wakamatsu wata guda a 1868 Matsudaira Katamori, jagoran Aizu, ya miƙa wuya, daga baya aka kai gidan can Tonami, a ƙurewar arewacin tsibirin Honshu, da koku 30,000 maimakon 230,000. Gidan ne ya tashi, ƙasar tana nan. Ki kula, Matsudairan nan su ne Hoshina, suna suka sauya a 1696, kada ki ƙirga su gida biyu.

Mai Fassara: Wannan ta warware mini rabi. Koku fa? Na rubuta "albashi".

Malamin Tarihi: Goge shi. Koku ma'auni ne, kusan lita 180 ta shinkafa, wajen kilo 150, wato buhu uku na kilo hamsin. Adadin da ake jingina wa ƙasa kiyasin amfanin gonarta ne gaba ɗaya, ba abin da ke shiga rumbun sarki ba. Daga ciki ake cire haraji, daga harajin a biya samurai. Da shi ake auna daraja: sai mai koku 10,000 ko fiye ake kira daimiyo. Faɗi buhunan sau ɗaya, daga nan ki ci gaba da koku.

Hajiya Edita: Saura daimiyo. In shi sarki ne, babban sarkin Japan na Kiyoto fa?

Ɗan Damagaram: "Sarkin Aizu" da "Sarkin Japan". Wanda ya san Sarkin Gobir da Sarkin Musulmi ba zai ruɗe ba. Shogun a bar shi shogun, a ce shi ne mai iko na gaske a Edo, wanda daga 1635 ya wajabta wa sarakuna zaman shekara ɗaya a birninsa, ɗaya a gida, uwargida da magaji kuwa suna Edo dindindin.

Mai Fassara: To na tsayar: ƙasar Aizu, gidan wane, Sarkin Aizu. "Masarautu" sai a jam'i, wurin sokewar 1871, don "an soke ƙasashe" ba ta yi ba. Baba, na sa jimla ɗaya a farko cewa riƙo aka ba su. Na gode muku duka.

Baba Alƙalami: Jimla ɗaya. To. Mariƙin fa?

Mai Fassara: Shi kam bai shiga ba, Baba, a yi haƙuri.

Baba Alƙalami: Ku je da sarkinku. In kun zo kan Himeji, inda aka yi ta sauya gidaje fiye da Aizu, za ku neme ni.