Marsandi 280E tana harbi ta salansa idan an saki totur

Mai 280E, Samaru:
Assalamu alaikum, oganni. Marsandi ce 280E ƙirar W123 ta 1981, injin M110 mai silinda shida, tsarin man fetur ɗinta K-Jetronic ne, babu kafireta, babu kwamfuta. Da sanyi lafiya lau take tashi. Da zarar injin ya ɗau zafi, in na saki totur mota na cikin giya, kamar a gangaren gadar Kwangila, sai salansa ta riƙa "fat-fat-fat", wani lokacin ta buga ɗaya mai ƙarfi kamar bindigar toka. Fulogi sababbi ne. An ba ni shawarar a juya sukurin da ke ƙara ko rage mai. In juya?

Bakanike na Tudun Wada:
Wa alaikumus salam. Alhaji, kar ka taɓa sukurin nan tukuna, shi ne na ƙarshe. Harbi ta salansa man da bai ƙone a silinda ba ne ya gangara bututu, ya tarar da iska da zafi ya kama. Harbin da ke zuwa lokacin sakin totur kawai, yawanci ɓula ce a salansa: tana zuƙo iska daga waje. Da safe injin na sanyi, tayar da shi, wani ya danne bakin salansa da tsumma na ɗan lokaci, kai kuma ka bi manifol da kunne. Nemi baƙin zane na hayaƙi a gefen gasket, da inda manifol ya haɗu da bututun ƙasa. Karyayyen ƙusa ɗaya ya isa.

In babu ɓula, koma wuta. Jerin wayoyin fulogi 1-5-3-6-2-4 ne, gibin fulogi 0.8 mm. Buɗe hular distirbita ka duba tsagewa ko siririn layin baƙi a ciki, ka duba rota. Taimin kuma da fitila ake duba shi, ba da kunne ba, bisa adadin da littafin motar ya bayar. In wuta ta makara, mai na ci gaba da ci har bawul ɗin hayaƙi ya buɗe.

Malam na Sabon Gari:
Maganar Oga haka take, sai dai a waɗannan motocin na fi zargin iskar sata ta ɓangaren shiga. K-Jetronic da wani faranti mai zagaye yake auna iska, gwargwadon yadda iska ta danna shi ƙasa haka yake sakin mai. Duk iskar da ta shiga bayan farantin ba a lissafa ta ba, sai mai ya yi ƙaranci, silinda ta riƙa tsallake wuta, ɗanyen mai ya tafi salansa. Robar da ke ƙarƙashin ma'aunin iska, da tiyo-tiyon silo, da robobin da ke riƙe nozul, bayan shekara 40 na zafin Zariya da hunturu sun bushe kamar ƙirgi. Tsagewar ba ta ganuwa sai an cire an lanƙwasa.

Daga nan a ɗaura gejin mai tsakanin kan raba mai da na'urar da ke ƙara mai lokacin sanyi. Ƙarfin mai a layi ya zama 5.0 zuwa 5.6 bar (ma'aunin matsi). Ƙarfin da na'urar ke riƙewa in injin ya yi zafi, 3.4 zuwa 3.8. In ya haura haka, farantin zai yi nauyi, mai ya ragu. Sau da yawa 'yar ragar da ke bakin na'urar ce ta toshe da tsatsar tanki, ko da man bumburutu mai datti. Tunda Alhaji ya ce sai da zafi take yi, ni nan zan fara sa ido. A canza filtar mai kafin a auna.

Bakanike na Tudun Wada:
Na yarda, Malam. A haɗa da gwajin nozul. Cire shidan a bar su jone da layinsu, kowanne a kwalbarsa. Haɗa ramuka masu lamba 30 da 87 a mazaunin rile na famfon mai, don famfon ya yi aiki injin na kashe. Kafin a danna faranti, bai kamata ko ɗaya ya ɗiga ba. Danna shi daidai wa daida, ka kwatanta kwalaben: bambanci kar ya wuce kashi 10 cikin 100, feshin kuma ya fito kamar hazo, ba tsartuwa ba. A fili za a yi, a cire wayar kwail, ba taba, ba mai walda kusa. Duba nozul ɗin tashin sanyi ma, shi ma yakan yi yoyo.

Bawul a M110 da hannu ake saita shi, injin na sanyi: na shiga 0.10 mm, na hayaƙi 0.25 mm. Wanda ya matse ba ya rufewa, ƙarshensa ƙonewa, gwajin kwamfureshan zai nuna silindar.

Malam na Sabon Gari:
In duk waɗannan sun fita lafiya, to sannan sukurin. Makullin alen 3 mm ne, dama ƙarin mai, hagu ragi. Kaɗan-kaɗan ake juyawa, injin na da zafi, na'urar auna hayaƙi na bakin salansa. Zare makullin kafin a taka totur, in ba haka ba hannun farantin zai lanƙwashe. Alhaji, rubuta yawan juyin da aka yi, don a iya mayar da shi inda yake.