Me za mu kira "paralakis" da Hausa?

Jama'a, a taimaka. Muna haɗa shirin rediyo kan taurari nan Tawa, kalmar nan paralakis ta tsaya mana a wuya.

Ga abin da take nufi. Miƙe hannu, ka saita babban yatsa da hasumiyar masallaci. Rufe idon dama ka duba, sannan ka buɗe shi ka rufe na hagu: yatsan zai yi tsalle gefe. Matso da shi kusa da hanci, tsallen ya ƙaru. Haka masana ke yi wa tauraro, sai dai idanunsu biyu su ne inda duniya take yau da inda za ta kai bayan wata shida, tazarar kusan kilomita miliyan 300. Iya ƙanƙantar tsallen, iya nisan tauraron. Bajamushe Friedrich Bessel ya auna nisan wani tauraro mai suna 61 Cygni haka a 1838.

— Malam, "ruɗin ido" fa?

— A'a ƙanena, ruɗi ai ganin abin da babu ne. Wannan kuwa kusurwa ce ta gaske. Ta Proxima Centauri, tauraron da ya fi kusa da rana, ba ta ma cika kashi 1 cikin 3600 na digiri ba, kuma da ita aka gane nisansa shekarar haske 4.2 ne (shekarar haske ita ce tazarar da haske ke ci a cikin shekara ɗaya).

— Mu nan Yamai mun ce "motsin tauraro".

— Hajiya, da na karɓa, amma taurari na da nasu motsin, wanda ake aunawa daban. Sai mu rikita mai saurare. A nan mu ne muka gusa.

— To tunda mai kallo ne ya gusa, a ce "gocin mahanga".

— Yauwa! Wannan ta zauna, kuma ba ta da nauyi a baki. Ita za mu saka.

Saura ɗaya. Gocin mahanga ba ya kai wa ga tarin taurari irin Andromeda, mai nisan shekarar haske miliyan 2.5, ko da na'urar auna taurari ta Gaia da Turai ta harba sararin samaniya a 2013. Can sai taurarin Sefid, masu haske ya ƙaru ya ragu. Henrietta Leavitt ta nuna a 1912 cewa tsawon zagayen bugun nasu na faɗin ainihin ƙarfin haskensu. A gwada da dushewar da muke gani, nisa ya fito. Turawa na kiransu kyandir ma'auni. Ni "fitilar awo" nake so. Wa ke da ja?