Dutsen Hira ko motar igiyar Ɗa'if, wanne ya dace da Hajiyarmu?

Ɗan Ƙofar Soro:
Assalamu alaikum jama'a. In Allah ya yarda watan gobe zan raka Hajiyarmu Umara, ta Kano za mu tashi. To tun da aka fara maganar tafiyar nan ba ta da zance sai na Kogon Hira, wai ita lokacin da ta yi aikin Hajji daga cikin mota kawai aka nuna masu dutsen aka wuce, wannan karon sai ta hau ta ga wurin da aka saukar da Iƙra'a da idonta. Matsalar ita ce ta haura sittin kuma tana fama da ciwon gwiwa, ko benen gidan yayana sai ta huta a tsakiya. Wani abokina ya ce akwai wata motar igiya da ake shiga ta kai mutum saman dutse ba wahala, amma shi ma ji ya yi. Don Allah wanda ya taɓa zuwa ya yi mani bayani, a ina take, kuma dattijuwa za ta iya?

Baban Khalifa, Daura:
Wa alaikumus salam. Allah ya sa a je lafiya a dawo lafiya. Abokinka ya haɗa abu biyu ne wuri guda. Motar igiyar da ake magana tana Ɗa'if, a wurin da ake kira Al-Hada, direbobin can telefirik suke ce mata. Shi kuwa Jabalun Nur inda kogon yake, lokacin da na je da ƙafa ake hawa tun daga gindi har sama.

Kuma gaskiya ɗan'uwa kada ka kai Hajiya can. Dutsen ya kai mita 640, matakala sun fi dubu kuma ba iri ɗaya ba ne, wata gajera wata sai ka ɗaga ƙafa sosai, mai lafiya ma yana cin awa ɗaya zuwa biyu in ya haɗa da hutawa. Abin da mutane ba su faɗi shi ne saukowa ta fi hawa cin gwiwa, don a hawa numfashi ne ke wahala amma a saukowa duk nauyinka a kan gwiwa yake sauka mataki bayan mataki, ga ƙafa ta riga ta gaji tana rawa. Sannan in ka kai ƙololuwa ba a nan kogon yake ba, sai ka ɗan gangara ta ɗaya gefen ka kutsa ta wani matsatsi tsakanin duwatsu, ga turereniya, kogon kansa tsawonsa bai kai mita 4 ba, mutum biyu ko uku sun cika shi kowa na jiran layi.

In kai kana son hawa ka tafi kai kaɗai, ka fita bayan Asuba kafin rana ta yi, ko da dare don mutane da yawa da dare suke hawa saboda zafi. Takalmi kambas za ka sa, silifa zamewa suke. Ruwa gora biyu, kuma ka saka komai a jakar baya, akwai birai a hanyar, da sun ga leda a hannunka sun san abinci ne.

Maman Ilham:
Wallahi Baban Khalifa ya gama magana. Ni na shiga ta Ɗa'if ɗin tare da surukata wadda ita ma da sanda take tafiya, kuma har yau in an zauna sai ta ba da labari. Daga Makka kamar kilomita 90 ne, a mota awa ɗaya da rabi haka, hanyar Al-Hada ɗin kanta abin kallo ce sai lanƙwasa take tana hawa dutse, in Hajiya mai jiri ce a mota a ba ta gaba kuma kada ta cika ciki kafin ku tashi.

Abin da ban sani ba sai da muka je, mu daga sama muka shiga, wato mota ce ta kai mu saman dutsen sannan akwatin motar igiyar ya gangara da mu ƙasa zuwa wani wurin shaƙatawa da ake kira Al-Kar, tafiyar ta fi kilomita 4 a kan waya, sannan ya dawo da mu. A zaune kake, gilashi ta ko'ina, kana hango titin da kuka biyo can ƙasa motoci ƙanana ƙanana. Wurin shiga ne kawai za ka riƙe mata hannu da kyau don akwatin yana ɗan motsi lokacin da ake shiga. Minti biyun farko surukata salati kawai take ido a rufe, daga baya ita ke cewa a ɗauke ta hoto.

Ku tafi da rigar sanyi ko mayafi mai kauri, garin yana sama da mita 1,800 ne, sai ka baro Makka kana gumi ka iske iska mai sanyi. Kuma ka sa direba ya tambayo lokacin buɗewa kafin ku kama hanya, in hazo ya sauko sosai har titin ma ana rufewa.

Almajirin Sabuwar Unguwa:
Malam ina ganin akwai abin da ya kamata a faɗa wa Hajiya cikin ladabi, watakila shi zai kwantar mata da hankali fiye da maganar gwiwa. Hawa Hira ba ya cikin ayyukan Hajji ko Umara, kuma ba a ruwaito Annabi (SAW) ya koma yin ibada a kogon bayan an aiko shi ba. Wanda ya je don ganin tarihi ba laifi, amma sallah ɗaya a Harami ta fi sallah 100,000 a wani masallaci, to a ce an je an ɓata gwiwa an kwana uku a otal ba a iya zuwa jam'i ba ai an yi asara. Ga ɗawafi zagaye 7 ga Safa da Marwa 7 duk suna jiran wannan gwiwar.

Ɗa'if kuma ba yawon banza ba ne, can Manzon Allah ya je a shekara ta 10 bayan aike tare da Zaidu ɗan Harisa, mutanen garin suka jefe shi har ƙafafunsa suka yi jini, a wata gona wani bawa mai suna Addas ya kawo masa inabi. Akwai masallacin Abdullahi ɗan Abbas a tsakiyar gari, a garin ya rasu. In kun dawo da niyyar wata Umara sai ku ɗaura harami a miƙati, Ƙarnul Manazil da ake kira Sailul Kabir, ko Wadi Muharram in ta Al-Hada za ku sauko.

Baban Khalifa, Daura:
Malam ba gardama nake ba, amma mu da muka tashi a kan Risala da Iziyya ai an karantar da mu maimaita Umara a shekara ɗaya makaruhi ne a wurin Malikiyya ko? Kada a je a ƙara wa baiwar Allah wani ɗawafin bayan mun ce a tausaya wa gwiwa.

Almajirin Sabuwar Unguwa:
Haka ne, wasu mazhabobin kuma sun halatta. Cewa na yi in sun yi niyya, ban ce dole ba.

Ɗan Ƙofar Soro:
Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya saka da alheri. Na karanta mata duka, maganar sallar Harami ce ta fi shigarta, amma ta ce ko gindin dutsen sai an kai ta ta tsaya ta kalla da kyau ba daga cikin mota ba, na ce wannan mai sauƙi ne. Ni zan hau in yi mata bidiyo. Saura tambaya ɗaya Maman Ilham, motar da kuka ɗauka zuwa Ɗa'if shata kuka yi ta jira ku ta dawo da ku, ko a can kuka nemi ta dawowa? Kuma ana barin keken guragu a wurin shiga, don ina tunanin saya mata ɗaya da mun sauka.