Neman kalma: me za mu kira "saiteshan" da Hausa?

1/ Daren Asabar ɗan yayata ya same ni a gida nan Agege da kundin digirinsa, malaminsa ya bi shi da jan biro shafi-shafi. Ya ce, "Kawu, wai in gyara rifarens." Na buɗe shafin ƙarshe, jerin littattafan lafiya lau. Ashe matsalar a tsakiyar rubutun take: ya ɗauko maganganun masana bai faɗi masu su a wurin ba. Kalmar aro ɗaya ya riƙe wa abubuwa biyu, shi ya sa ya kwana biyu yana shafa magani inda ba ciwo.

2/ Jerin ƙarshe ba shi da rigima. Manazarta muke cewa, haka ake rubutawa a kundayen sassan Hausa na jami'o'inmu. A bar shi haka.

3/ Wanda nake nema wa suna shi ne ɗan abin nan da ake maƙalawa a gindin jimla, wato "saiteshan" da Turanci. A tsarin rubutun bincike na APA, wanda bugunsa na 7 ya fito a 2019, sunan marubuci ne da shekara, kamar (Bargery, 1934) in ka ɗauko ma'anar kalma daga ƙamusunsa. Injiniyoyi masu bin tsarin IEEE lamba kawai suke sawa, [1], sai ka bi ta zuwa manazarta. Siga daban, aiki ɗaya: wannan magana ba tawa ba ce, ga mai ita, je ka duba.

4/ An ba ni "majiya". Ta 'yan jarida ce, kuma sau da yawa ɓoye sunanta ake yi, alhali mu bayyanawa muke so. "Ambato" ta yi faɗi, kana iya ambaton mutum ba ka ɗauki komai nasa ba. "Madogara" kuwa ina sonta ƙwarai, amma ita littafin ne ko muƙalar da ka dogara a kai.

5/ Tawa ita ce JINGINAWA. A bakin malamanmu na zaure na tsince ta: "ya jingina maganar ga wane." Kalmar isnadi ma, wato jerin waɗanda suka ruwaito hadisi, a Larabci asalinta jinginawa ce, kuma malamin hadisi Abdullahi ɗan Mubarak ya ce ba don isnadi ba da kowa ya faɗi abin da ya ga dama. Ashe aikin ba baƙonmu ba ne tun kafin boko, sunan ne bai ƙetaro ba.

6/ Wani dattijo da muke sallah tare ya ce mini, "Malam, ai jingina ta gona ce da gida, wadda ake bayarwa a karɓi bashi." Na ce, "Gaskiya ne, Baba, amma wanda ya ji an jingina magana ba zai nemi takardar fili ba." Ya yi murmushi, bai dai ce ya yarda ba.

7/ Na gwada ta a kan yaron. Na ce, "Kowace madogara da ka jingina wa magana a ciki, dole a same ta a manazarta, kuma kada ka jera wadda ba ka jingina mata komai ba." Nan take ya ɗauki biro ya fara ƙirga wuraren da babu jinginawa, ya samu 14.

8/ Malaman Hausa da ɗalibai na jami'o'in Legas da ke Akoka da Ojo, ku gwada ta a jimla ku gaya mini inda ta yi tuntuɓe. Jam'inta ne har yanzu bai zauna mini a baki ba.