Kan shaf ɗin Land Cruiser 80 na yawan fashewa: in sa na ƙarfen 4340 ko in tsaya ga orijina?

Ɗan Gwadabawa

Assalamu alaikum manya. Land Cruiser 80 ce mai injin 1HZ, tana jigilar kaya ƙauyukan Gada da Illela, da rani yashi, da damina lakar fadama. Tayar da anka sa mata 315/75R16 ce. Kan shaf na gaba, wato gaɓar da ke kai juyin sandar shaf zuwa taya, hannun dama, ya fashe, anka sa ɗan Baljiyam, shi ma bai jima ba. An ce in yi odar na ƙarfen 4340. Kuɗin da nauyi. Shi ne maganin, ko da abin da za a duba tukuna?

Oga na Gareji

Wa alaikumus salam, Alhaji. Kafin ka taɓa aljihu, fara da tayar nan. Motar ta fito da taya mai tsayin kusan inci 31, taka kuwa ta kusa 35. Wannan ƙarin kaɗai ya ɗora wa shaf wahalar da ta kai kashi 12 zuwa 13 cikin ɗari, ban da nauyin tayar kanta. Ka sa ƙaramin ozilari, wato giyar ƙarfi ta shiga laka da yashi, ƙarfin injin ya ninka kusan sau biyu da rabi, duk a kansa zai sauka.

Sannan a duba inda ya karye. Idan kejin da ke riƙe da ƙwallaye shida na cikin kan ne ya tarwatse, galibi an murɗe sitiyari har ƙarshe ne aka taka totur, musamman a ribas. A wannan kusurwar kan shaf ya fi rauni. Akwai kusoshin da ke tsayar da juyin sitiyari a jikin aksul. In sun lanƙwashe ko an kwance su, ƙafar za ta wuce iyakarta, kuma ko wane ƙarfe ka sa zai fashe. Idan kuwa sandar ce ta tsinke kusa da haƙora, ka ga haƙoran sun murɗe, to ƙarfi ne ya fi ta, nan ne 4340 ke da amfani. Na dama shi ne gajere a wannan mota, ba shi da tsawon da zai ɗan murɗa ya shanye bugu, shi ya sa ya fi saurin karyewa.

Bambancin ƙarfen: sandar kamfani fatarta ce aka ƙona ta yi tauri, cikinta da ɗan laushi. 4340 an gauraya shi da nikel da kuromiyam da molibdenam, yana jure murɗawa ya dawo. Akwai 300M da ya fi shi, amma na masu gasar hawan dutse ne, asarar kuɗi ce a hanyar Gada.

Kauri ma na da nasa. Sanda in ta ƙara kauri da kashi 10, juriyarta ga murɗawa takan ƙaru da kusan kashi 33. Ta kamfani haƙora 30 gare ta a gefen dif, wato giyar tsakiyar aksul da ke raba juyi ga tayoyin biyu, 24 a gefen da ke shiga kan shaf. Cikakken setin 4340 na kamfanin Longfield ko RCV yakan mai da wancan gefen ma 30, don haka kan shaf da sanda tare ake canza su, ba a haɗa sabo da tsoho.

Ra'ayina: in babu makullin dif a gaba, koma taya 285/75R16, ka sa sabon kai orijina na Toyota. Ya ishe ka.

Mai Sifiya

Oga ya gama magana, sai dai in ƙara ta ɓangaren saye. Kada a yi oda da sunan mota kawai. Kan shaf na 80 ba iri ɗaya ba ne: na kafin wajen 1994 ya fi gajarta, na baya ya fi tsawo, kuma farantin da ke kama shi a bakin ƙafa ma ya bambanta. Wani yana da zoben ABS, wani babu. Wadda gabanta ke ja kullum daban, mai makullin hannu a bakin taya daban. A ciro tsohon, a ƙirga haƙora, a auna tsawo da tef, a tura hoto da lambar shasi.

Kuma rubuta 4340 a kwali ba wuya. Ido ba ya gane shi, zarto ma tauri kawai zai nuna maka. Ko daga Ƙofar Ruwa za a kawo ko Ladipo, in babu sunan kamfanin da ya ƙera a jikin ƙarfen, kuma farashinsa bai wuce na ɗan Baljiyam ba, a bar shi. Shaf ɗin da aka yi wa walda kuwa ko kyauta ne kar a karɓa, zafin wuta ya riga ya kashe ƙarfen.

Direban Fadama

Ni ban yarda a ce 4340 asara ne ga mai lodi cikin laka ba, amma a san abin da za a saya. Shaf ɗin kamar fis yake: in ya ƙi karyewa, abin da ke bayansa ne zai karye. Dif ɗin gaba na wagga mota inci 8 ne, na baya 9.5, kuma na gaban ya fi rauni a ribas. Kan shaf ana canza shi a gindin bishiya, a cire fasasshen a lallaɓo gida. Haƙoran kirawun da finiyan na cikin dif in sunka zube, sai an nemo mai ja. Don haka kada a jawo motar da ta kafe da ribas, a juya a ja ta da gaba.

A yashi kuma a sauke iskar taya zuwa psi 16 ko 18. Mota in ta fara tsalle tana haƙa, a ɗaga ƙafa nan take. Tayar da ke juyawa a sama ta dira ta kama ƙasa, wanga bugun ne ke tsinke sanda.

Ɗan Gwadabawa

Allah ya saka da alheri. Tawa mai ja kullum ce, ba makulli a gaba. Kuma da anka buɗe, giris ɗin ya yi ruwa, baƙi ƙirin.

Oga na Gareji

To ga rabin matsalarka nan. Oyil sil na cikin aksul ya mutu, man giya ya shigo ya wanke giris, kai ya yi ta gudu a bushe. Mai ja kullum kuma kan shaf ɗinta ba ya hutawa ko a kan kwalta, kuma wasu kawunan 4340 sun fi orijina saurin cinyewa a irin wannan aiki, sai ka ji ƙas-ƙas a kwana.

A wanke komai tas. A sa sabon sil ciki, a shafa yatsa a inda yake kama sanda. In ya yi rami, sabon ma zai zubar. A duba bushin ɗin da kan ke juyawa a ciki da boris na sama da ƙasa. Giris mai moli, baƙin nan, a cusa shi cikin kan sosai, ƙoƙon da kan shaf ke zaune a ciki kuma a cika kashi uku cikin huɗu. Man dif 80W-90, kusan lita uku. Notuna huɗun da ke ƙasan ƙoƙon a ɗaure su Nm 96, a sake duba su bayan fita ta farko. In sil ya sake mutuwa da wuri a gefe ɗaya, a kai aksul ɗin a auna, mai yiwuwa lodi ya lanƙwasa shi.