Zolayar da ake yi wa likitocin mata ta fara sa ni shakka

Sabuwar_Likita:
Assalamu alaikum manyana. Na kusa gama shekarar horona a asibiti, kuma cikin sassa huɗun da na zaga, sashen mata da haihuwa ne ya kwanta mini. Amma duk wanda na gaya wa sai dariya. 'Yan tiyata sun ce likitocin mata ne ke yanke bututun fitsari sannan su kira 'yan tiyata su gyara. Wasu na ce musu ungozoma mai digiri. Wata ta ce matan sashen masifaffu ne, kuma in yi sallama da barci. Don Allah ina gaskiyar take?

Ɗan_Tiyata:
Wa alaikis salam ƙanwata. Zancen bututun yana da tushe. Wanda ya sauko daga ƙoda ta ƙarƙashin jijiyar jinin mahaifa yake bi, dab da bakin mahaifa. To a kawo miki mace ta kwana biyu tana naƙuda a gida, mahaifa ta fashe, jini ya cika ciki, ba kya ganin komai. Wanda ya taɓa shiga irin wannan aikin ba ya yawan yin zolayar.

Anti_Dakta:
'Yata, na barcin gaskiya ne, haihuwa ba ta san dare ba. Masifa kuwa, idan mace na jijjiga a gabanki, ba da lallashi za ki nemi allurar magnesium sulfate mai tsayar da ita ba. Mu ake jin muryarmu saboda minti kaɗan muke da shi.

Ungozoma kuma ban ɗauke ta zagi ba, su suka koya mini karɓar haihuwa da hannuna. Abin da ke ci mini rai shi ne a ce sashen ba ya buƙatar ƙwaƙwalwa. Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ce ta jagoranci ɓangaren Najeriya na binciken E-MOTIVE da ya fito a 2023: a auna jinin da mai jego ta zubar da leda mai ma'auni, a haɗa mata magunguna lokaci guda, mummunar zubar jini ta ragu da kashi 60 cikin 100. A ƙasar da ta ɗauki fiye da kashi ɗaya bisa huɗu na matan da suka mutu wajen haihuwa a duniya a 2020!

Likitan_Mata_Namiji:
Mu maza tamu zolayar daban ce, kullum sai an tambaye mu me ya kai mu. Ke kuwa Dakta, akwai mazan da ke hana matansu zuwa awo don babu likita mace. Ki leƙa cibiyar yoyon fitsari ta Babbar Ruga a Katsina kafin ki yanke shawara.

Sabuwar_Likita:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka. Anti, ya kika yi da raino lokacin horon ƙwarewa?